Waƙar shigowar amarya: zaɓin wa za a bi?

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Saura mako biyar bikin ƙanwata, kuma ni aka ɗora wa nauyin kiɗan da za a sa a wurin taro. Da na ɗauka abu ne na yamma ɗaya, in tara waƙoƙi talatin in miƙa wa DJ in huta. Ashe da sauran aiki.

Akwai wata waƙa da amarya ke so tun tana makaranta, ta daɗe tana cewa da ita za ta shigo ranar bikinta. Da wani harshe aka rera ta wanda duk gidanmu ba mai ji. Shekaranjiya wata ƙawata mai jin harshen ta fassara mana, sai ga shi waƙar rabuwa ce: mace ke gaya wa namiji ta tafi ke nan, ya yi haƙuri ya manta da ita. Da na faɗa wa amarya sai ta fashe da kuka, ta ce ita ba ruwanta da ma'ana, ai ba wanda zai gane.

Ga kuma Babanmu. Yana sa na'urar ƙara ji a kunnensa. Bikin ƙarshe da muka je tare, da idona na ga ya zare ta ya sa a aljihu, bai yi minti ashirin ba ya fita ya zauna a mota har aka tashi. Wallahi ba na son haka ta faru a bikin 'yarsa. Su kuwa abokan ango sun turo min jerin waƙoƙin rawa har arba'in. Ta ina zan fara?

Maman Ihsan:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ni dai kada a sa wannan waƙar. Baki shi ke yanka wuya, kuma kalma ba ta zama banza don kawai ba a fahimce ta ba. Yarinya na taka ƙafarta zuwa sabuwar rayuwa, a sama ana rera na tafi, ka manta da ni? Haba. Ki lallashe ta, waƙoƙi sun yi yawa a duniya.

Ummi K:
Anti Maman Ihsan, ki yi haƙuri, ni ban yarda ba. Bikin nata ne. Shekara nawa tana mafarkin wannan shigowar? Abin da waƙa ke nufi a wurin mutum ba lallai ne ya zama abin da mawaƙin ya rubuta ba. Wataƙila ita waƙar na tuna mata lokacin da ta fi farin ciki a rayuwarta. Mu mata kullum a ranar bikinmu sai an zaɓa mana komai, kowa da ra'ayinsa, amarya ce kaɗai ba a tambaya.

Maman Ihsan:
Ummi, ai ba cewa na yi a danne ta ba. Amma yanzu kowa da waya a hannunsa. Cikin mutum ɗari uku sai an sami mai jin harshen, ko mai nemo fassarar a intanet kafin a kai ƙarshen baitin farko. Bidiyon kuma yana nan har 'ya'yanta su girma su kalla.

Malamin Kiɗa:
Yayar Amarya, ki kwantar da hankalin ƙanwarki, ba ita ta fara shiga wannan halin ba. Bari in ba ku misalan da na sani sarai.

Kiɗan nan da ake ji a finafinai idan amarya na shigowa da farar riga, daga wasan waƙa ne na Bajamushen nan Richard Wagner mai suna Lohengrin, wanda aka fara nunawa a birnin Weimar a 1850. A cikin wasan ma ba lokacin shigowar amarya ake rera shi ba, bayan an ɗaura aure ne, ana raka ma'auratan ɗakinsu. Auren kuma bai kwana ba: a daren matar ta yi wa mijin tambayar da ya hana ta yi, wato sunansa da asalinsa, ya zama dole ya tafi, ita kuma ta mutu a ƙarshen wasan. Duk da haka an yi fiye da shekara ɗari ana shigo da amare da shi. Akwai majami'un da ba sa yarda a kaɗa shi, Yahudawa da yawa kuma ba sa sa shi a bikinsu saboda ƙiyayyar da Wagner ya rubuta a kansu.

Na kusa-kusa kuma, waƙar nan I Will Always Love You da Whitney Houston ta sake rerawa a 1992. Mawaƙiyar Amurka Dolly Parton ce ta rubuta ta a 1973, kuma ban kwana ce take yi wa Porter Wagoner, abokin aikinta da za ta rabu da shi. An yi rawar ango da amarya da ita ba adadi, don mutane amshin kawai suke kamawa.

Abin da nake so ku lura: na Wagner ya tsira ne don a wurin biki kiɗan zalla ake kaɗawa, ba a rera kalmomin. Nan mafitarku take. Ku nemi kiɗan waƙar ba murya, ko ku sami mai goge ko mai piyano ya kaɗa karin. Amarya ta sami abin da zuciyarta ke so, kalmar rabuwa kuma ba ta fito daga lasifika ba.

Ummi K:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wannan na yarda da shi, in dai ita amaryar ta amince da bakinta.

Maman Ihsan:
Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, don wanda ya san waƙar zai rera ta a ransa. Amma ya fi a sa muryar, wannan kam gaskiya ne.

Mai Sauti:
Ni aikina ke nan, shekara goma sha ina haɗa lasifika a wuraren taro. Zancen Baba ya fi damuna da zancen waƙar, don shi ne wanda ake yawan mantawa da shi.

Yaya, ki gane abu ɗaya: zaɓen waƙa rabin aiki ne, ƙararta ce sauran rabin. Waƙa mai daɗi in an ƙure mata murya azaba ce. Na'urar da Baba ke sawa aikinta ƙara sauti, to ki duba halin da zai shiga a ɗakin da bango ke girgiza, sauti na dukan tayil da gilashi yana dawowa. Ba ya jin maganar na kusa da shi, ba ya jin daɗin kiɗan, sai hayaniya kawai. Dole ya cire.

Wurin zama shi ne maganin farko. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga lasifika, ƙarar na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). A cikin ɗaki ba ta raguwa haka sosai saboda amsa kuwwa, amma duk da haka akwai bambanci babba tsakanin mita biyu da mita goma. Abin takaici, teburin iyaye ne ake kaiwa gaba don girmamawa, gaban kuwa nan manyan lasifikoki suke. Ana nufin karramawa, ana cutar da su. Ki je wurin tun kafin ranar, ki ga inda za a kafa lasifika, ki sa a ɗaga su sama a kan sanda a karkata su zuwa filin rawa. Na ƙasan nan mai bugun ƙirji kuwa a nesanta shi da teburin manya gaba ɗaya. Ƙananan lasifika huɗu a rarrabe, kowace da ƙara kaɗan, sun fi manya biyu da ke ihu daga kusurwa ɗaya.

Anti Nas:
Mai Sauti ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mutane na ɗaukar abin wasa ne. Hirar yau da kullum tana kusan desibel 60. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ke ba da shawara a kai shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 minti 15 ne kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa da taruka, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 in an auna na minti 15, a kuma tanadi wurin da babu ƙara inda mutum zai je kunnensa ya huta.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu kamar gashi, su ke karɓar sauti. In suka mutu ba sa sake fitowa. Wannan ƙugin da mutum ke ji a kunne bayan ya dawo daga biki, gargaɗi ne. Abin da ya fi tsaya min a rai jarirai ne. Na taɓa ganin uwa ta goya jariri ta tsaya daf da lasifika tana ɗaukar bidiyo, yaron na ta mutsu-mutsu yana kuka ba ta ji. Sai da na je na kamo hannunta na ja ta baya.

Gwaji mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya kafin wanda ke nesa da ke da tsawon hannu ɗaya ya ji ki, ƙarar ta yi yawa.

Sabon Ango:
Ku gafarce ni manya, amma in aka bi wannan lissafin ai ba biki za a yi ba, taron lacca za a yi. Matasa sun zo taya abokinsu murna ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kiɗan da ba ya ratsa jiki kuwa ba wanda zai tashi masa. A nawa bikin wata huɗu da suka wuce mun saki kiɗa sosai, har yau ana zancensa.

Anti Nas:
Ƙanina, Allah ya ba da zaman lafiya. Tambaya ɗaya: iyayenka da kakanninka sun kai ƙarshen taron?

Sabon Ango:
Gaskiya Anti, sun tafi da wuri. Na ɗauka gajiya ce. Kakata ta ce min daga baya kanta ne ya yi ciwo, ban kawo komai a raina ba sai yanzu da kika tambaya.

Baba Dattijo:
Ni na aurar da 'ya'ya huɗu, bari in faɗi abin da uba ke ji, don ba a cika tambayarmu ba. Ba ƙin murna muke yi ba. Ranar da ka aurar da 'yarka, abokanka na shekara arba'in sun zo, wasu daga nesa, wasu ba ka san ko za ku sake haɗuwa ba. Kana son ka riƙe hannun mutum ka ce masa na gode, ya ji, ya amsa, ka ji. A bikin 'yata ta biyu aminina ya zauna kusa da ni awa biyu, ba mu iya yin magana ba sai murmushi da ɗaga hannu. Bai kai shekara ba Allah ya yi masa rasuwa. Har yau ina tuna wannan zaman.

Tun daga nan na kafa sharaɗi. Awar farko ta manya ce: kiɗa can ƙasa-ƙasa, a gaisa, a yi addu'a, a yi hotuna, a ji jawabin kowa. Idan muka yi sallama muka tafi, yara su yi abinsu. Idan kiɗa ya canja ai rawa ma sai ta canja, ba wanda ya hana. Ku dai raba lokacin, kada ku cakuɗa.

'Yata, ki tambayi mahaifinku waƙar da yake so tun yana saurayi. Kada ki ce masa don biki ne. Ki sa ta a lokacin da yake zaune, ki kalli fuskarsa.

Yayar Amarya:
Baba, kun sa ni hawaye. Allah ya jiƙan amininku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wallahi ban taɓa tunanin tambayarsa ba. Muna ta lissafin amarya da ango da abokai, shi kuwa wurin zama kawai muke nema masa.

Malamin Kiɗa:
Shawarar Baba tana da tushe. Waƙoƙin da mutum ya ji tsakanin ƙuruciya da farkon shekarunsa na ashirin su suka fi kama zuciyarsa har tsufa. Shi ya sa jerin da 'yan shekara ashirin da biyar suka haɗa su kaɗai ba zai taɓa motsa ɗan shekara sittin ba, komai daɗinsa. Ki karɓi waƙa biyu-biyu daga iyayen kowane ɓangare.

Sannan kada ku ji tsoron barin abin da aka saba. Abin da muke ɗauka dole ne a biki, sau da yawa zaɓin mutum ɗaya ne da ya yaɗu. Kiɗan nan na fitar ango da amarya a bikin Turawa, Bajamushe Felix Mendelssohn ne ya tsara shi a 1842 don wani wasan kwaikwayo na Shakespeare. Ya zama ruwan dare ne bayan an kaɗa shi a Landan ranar 25 ga Janairun 1858, a bikin babbar 'yar Sarauniya Victoria da yariman Prussia. 'Yar sarki ta zaɓa, jama'a suka bi. Ƙanwarki ma tana da ikon zaɓa.

Hajiya Babba:
Akwai abin da ba wanda ya ambata. Ba kowane gida ne ke karɓar kiɗa ba, wasu saboda addini, wasu kuma akwai irin kalmomin da ba za su zauna a rera a gabansu ba. Aure haɗa gida biyu ne. Kun tambayi dangin ango? Kada sai ranar ku ga surukai sun tashi sun fita, a fara zaman aure da ɓacin rai. Idan kuma wani sashe na bikin a wurin ibada za a yi, wurin yana da nasa dokokin, shugabanninsa ake tambaya tun da wuri, ba DJ ba.

Ni da kaina na halarci bikin da aka sa wata waƙa mai daɗin kari, sai a baiti na biyu mawaƙin ya shiga siffanta jikin mace. Uwar amarya ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wanda ya zaɓi waƙar amshinta kawai ya sani. Don haka waƙoƙi arba'in ɗin nan na abokan ango, ki zauna ki saurari kowace daga farko har ƙarshe. Akwai kuma masu habaici, ana rawa ana zagin maƙiya da mahassada. A taron da dangi biyu suka haɗu, wani zai ɗauka da shi ake.

Yayar Amarya:
Hajiya, mahaifiyar ango ta ce ita dai kada a yi ƙara, ba ta hana kiɗa ba. Amma zan sake zuwa in gaishe ta in tambaye ta dalla-dalla. Waƙoƙin kuwa na fara saurara jiya da daddare, cikin goma sha biyu na farko na cire uku.

Mai Sauti:
Madalla. Jerin waɗanda ba a so ya fi jerin waɗanda ake so muhimmanci a wurin DJ. Ki rubuta masa a takarda, ki kuma gaya masa mutum ɗaya tak ke da ikon ce masa ƙara ko rage ko canja. In ba haka ba kowane abokin ango zai zo ya raɗa masa a kunne, shi kuma ba ya son ɓata wa kowa.

Sai batun shigowar amarya, nan ne aka fi yin kuskure. Waƙa minti uku zuwa huɗu ce, tafiya daga ƙofa zuwa kujera kuwa sau da yawa ba ta kai minti biyu ba. Wurin da amarya ke ƙauna a waƙar wataƙila yana can tsakiya, sai ta zauna kafin a iso shi, DJ ya datse kiɗan kamar an ɗauke wuta. Ku je wurin ku gwada da agogo, da irin takalmin da rigar da za ta sa, don doguwar riga na rage sauri. Ku zaɓi daƙiƙar da za a fara da inda za a rage sauti a hankali har ya ɓace. Ku duba bugun kiɗan kuma: ƙafa na bin kiɗa ko mutum bai so ba. Mai bugu 60 zuwa 80 a minti yana ba da tafiyar natsuwa, mai 120 kuwa zai sa ta yi sauri kamar ta makara.

Kada a dogara da intanet ranar. Na ga bikin da talla ta faɗo ana tsakiyar shigowar amarya, na ga wanda kira ya shigo wayar da aka jona, duk ɗakin ya ji. A sauke waƙoƙin a kwamfuta, a kwafa a filashi, a ajiye na uku a wayar da aka kashe wa layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ummi K:
Ni fa ina ganin makaɗa na zahiri sun fi. Suna kallon amarya, in ta tsaya gaisawa su ja kiɗan, in ta iso su sauke. Na'ura ba ta da ido.

Mai Sauti:
Gaskiyarki, a wurin shigowa ba abin da ya kai mai kiɗa da ido. Amma ku ji shi da kunnenku tukuna yana kaɗa wannan waƙar takamaimai, ba wata ba. Ba kowane makaɗi ke iya kowane kari ba, in kuma ya kauce wa abin da amarya ta saba ji shekara da shekaru, ita za ta fara ganewa. A ba shi mako uku ya koya, a yi gwaji sau ɗaya a wurin.

Sabon Ango:
Yaya, in ba da tawa gudummawar: ki kira babban abokin ango ki yi masa bayanin halin Baba. Mu matasa in aka ce mana kawai a rage kiɗa sai mu ga an raina mu, amma in aka ce mahaifin amarya ne ba ya iya zama, ba wanda zai yi musu. Ki ba su awa ɗaya da rabi na ƙarshe su san nasu ne. Ni ma yau zan je in ba kakata haƙuri.

Yayar Amarya:
Na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sa wa amarya kiɗan waƙar ba murya, ta saurara sau biyu ba ta ce komai ba, sannan ta ce a fara daga wurin da goge ke shigowa. Mun je wurin taron ranar Asabar mun auna, tafiyar minti ɗaya da daƙiƙa arba'in ce da doguwar riga. Teburin iyaye mun mayar da shi gefen dama kusa da ƙofa, DJ ya yarda zai juya lasifikokin su kalli filin rawa. Abokan ango sun karɓi tsarin, waƙoƙinsu sun koma ashirin da shida.

Babanmu kuwa da na tambaye shi waƙar samartakarsa, sai ya yi shiru, can ya fara rera ta a hankali, Mama na ɗaki ta amsa masa amshin. Matsalar ita ce wadda na samu a intanet tsohon ɗauka ne, tana da shuu a ciki kuma sautinta ya yi ƙasa. Mai Sauti, ana iya gyara irin wannan?

Mai Sauti:
Ana iyawa. Ana rage shuu ɗin a daidaita ƙarfinta da sauran waƙoƙin, amma kada a goge shi duka, muryar mawaƙin za ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, kuma Baba da wannan sautin ya san ta. Ki nemi kwafi mafi tsabta da za ki iya samu, ba wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ba, don wasu manhajojin na matse sauti in ana turawa. Ki turo min ta akwatin saƙo a matsayin fayil, kafin Laraba in sha Allah zan dawo miki da ita ki sa masa ya ji tun a gida.